Gashin kek a obin lantarki: Abin lura a Ƙaraye da Rogo

Obin lantarki akwatin gashi ne da ke samun zafi daga ƙarafa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tare da ma'aunin da ke daidaita zafin. Galibin kek na gasuwa ne a digiri 180 na ma'aunin Salshiyos, cikin minti 25 zuwa 40, gwargwadon kaurinsa. Akan kunna obin ya yi minti 10 kafin a saka kwaɓin.

Sharaɗin gashin shi ne ɗorewar zafi. Idan aka ɗauke wuta kafin kwaɓin ya kama jikinsa, iskar da ta kumbura shi takan fice, tsakiyarsa ta lotsa, a tafka asarar fulawa da ƙwai da bota.

Wannan ne babban abin lura ga masu karɓar aikin kek na biki da Sallah a ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, inda kamfanin KEDCO ke rarraba wuta. Obin gida yakan ja wat 1,500 zuwa 2,500, nauyin da ƙaramin janareto ba ya ɗauka. Kariyar ita ce a tanadi tukunya mai murfi da yashi a gindinta, ta yi zafi bisa garwashi, domin ƙarasa gashin da zarar wuta ta yanke.