Daga Superbook Zuwa The Prince of Egypt: Tarihin Katun na Labaran Baibul

Da yawanmu da muka tashi a unguwannin Sabo mun kalli Superbook a gidajen maƙwabta ba tare da mun san asalinsa ba.

A Japan aka zana shi a 1981. Tashar CBN ta Kiristocin Amurka ce ta haɗa kai da kamfanin Tatsunoko, don Kiristoci kaɗan ne a Japan, ana so yaran can su san Baibul.

A 1998 kamfanin DreamWorks ya fitar da The Prince of Egypt, labarin Annabi Musa (AS), bayan ya tuntuɓi malaman Kirista, Yahudawa da Musulmi. A fim ɗin matar Fir'auna ce ta riƙe jaririn, kamar yadda muka sani a ƙissa, alhali a Baibul 'yar Fir'auna ce. Duk da haka ƙasar Maldibis ta haramta shi saboda an zana annabi, Malesiya ma ta hana nuna shi.

Sai ga Richard Rich, wanda ya daɗe yana zana labaran Baibul, ya yi Muhammad: The Last Prophet a 2002, bai nuna Manzon Allah (SAW) ba ko sau ɗaya.

A ganina, tunda yaranmu na cuɗanya da na maƙwabta, hana su kallo kaɗai ba zai wadatar ba. Mu zauna mu ba su ƙissar, mu nuna musu inda aka dace da inda aka saɓa. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.