Baƙi biyu a aji ɗaya

Ƴan'uwa ɗalibai, duk wanda ya yi lakol a ƙauye ya san yadda yini ke tafiya. Ƙarfe takwas a buga ƙarfe, mu yi layi, a ɗaga tuta. Mu shiga aji, mushe ya rubuta kwanan wata a allo da Faransanci. Sai karatu, sai lissafi da ƴan kararen da munka tsinto a hanya, sai dikte. Haka na yi shekara shida, daga CI zuwa CM2, a wani ƙauye na kwamin ɗin Ɗan Kassari. Baƙi da dama sun shigo ajinmu, amma biyu ne suka zauna mini a rai.

Na farko mai duba makarantu ne. Ranar zuwansa mun share aji tun da sassafe, kowa ya wanke ƙafa. Ya yi tambaya da Faransanci, aji ya yi tsit. Wallahi da yawanmu mun san amsar, harshen faɗinta ne ba mu da shi.

Wannan shirun ya girme mu. Lakol ta zo ne tare da mulkin Faransawa, kuma harshensu kaɗai aka yarda da shi a aji. Babana ya ba ni labarin "sambol", wani ƙashi da ake rataya wa yaron da aka ji ya yi Hausa. Shi kuma ya yi ta fakon abokinsa don ya sauke masa. Samun ƴanci a 1960 bai kore shi ba. A 1964, Abdou Moumouni, wanda jami'armu ta Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa L'éducation en Afrique, inda ya nemi a koyar da yara da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ana karatu da Hausa. Daga baya Zabarmanci, Fillanci, Tamajak da Barbarci suka biyo. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri tare da Faransanci. Duk da haka, a ajinmu Hausa sai a filin wasa.

Baƙo na biyu wani tsoho ne na garinmu. Muna CM1, darasin tarihi ya kawo mu kan Voulet da Chanoine, sai mushe ya gayyato shi. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya ce: "Mushe, ni hwa ban jin nasaranci." Mushe ya ce: "Baba, hwaɗa musu da Hausa."

Ya ba mu labarin Sarauniya Mangu ta Lugu: yadda mutanenta suka tari bindiga da kwari da baka, yadda suka janye cikin kurmi, aka ƙone gari, suka komo suka sake gina shi. Littafi ya ba mu shekarar 1899. Shi ya ba mu mutanen. Hannuwa suka tashi, har da na wata yarinya da ban taɓa jin muryarta a aji ba. Ta ce: "Kaka, to don mi ba ta miƙa wuya ba?" Aka buga ƙarfen hutu, ba wanda ya motsa.

Ku duba fa: Lugu cikin kwamin ɗinmu take. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Labarin ya zaga duniya, amma sai da wani malami ya buɗe wa tsoho ƙofa sannan ya shigo ajin jikokinsa. Ranar ce ta kai ni ga karatun kimiyyar harshe.

A 2025 an rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Madalla, amma takarda ba ta shiga aji da ƙafarta. Tsohon nan ya rasu, kuma ba wanda ya ɗauki muryarsa. Hutu na tafe: kowa ya nemi tsohon garinsu, ya roƙi shugaban lakol awa ɗaya, ya kunna wayarsa.