Abin da ya kamata sabon mahayi ya sani kafin sayen babur ɗinsa na farko a Kano

Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, babur ya ƙara daraja a Kano. A Nassarawa GRA ma, inda aka fi sabawa da mota, ma'aikata da ɗalibai sun koma hawansa kan titunan Audu Bako da Ahmadu Bello. Sabon mahayi na da abubuwa huɗu da zai duba kafin farashi.

Na farko, doka. A watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta acaɓa da goyo a ƙananan hukumomin birni, har da Nassarawa. Saboda haka wanda zai sayi babur don yin haya a cikin gari yana jefa jarinsa cikin haɗarin kamu. Haka kuma ana buƙatar lasisi mai ajin A, wanda ba a ba wa ɗan ƙasa da shekara 18, da lamba, da inshora. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano tun 1 ga Janairu, 2009.

Na biyu, girman injin. Ƙananan babura da ake kira roba-roba, masu inji cc 110, ba su da kuloci a hannu, ga sauƙin nauyi da ƙarancin shan mai, don haka sun fi dacewa da mai koyo. Bajaj Boxer na Indiya mai cc 100 ya fi jure kaya da hanyar ƙauye, amma yana buƙatar sarrafa kuloci da giya. Duk wanda ya wuce cc 150 ya yi wa sabon hannu ƙarfi. Ma'auni mai sauƙi shi ne mahayi ya zauna a kai, ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa.

Na uku, kayan gyara. Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a leƙa Kasuwar Ƙofar Ruwa a tambayi kuɗin birki, sarƙa, filogi da taya na samfurin. Jincheng, Lifan, Haojue da Bajaj sun daɗe a hannun kanikawan Kano. Babur ɗin da kayansa ke wuyar samu, ajiya zai koma da zarar ya lalace.

Na huɗu, takardu, musamman ga na hannu. Dole lambar inji da ta jikin babur su yi daidai da abin da ke kan rasit. Idan akwai alamar an kankare lambar ko an sake buga ta, a bar cinikin, domin karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, ga asarar kuɗi da babur gaba ɗaya. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a kuma je da bakanike ya tayar da injin da sanyinsa: shuɗin hayaƙi alama ce ta injin da ke ƙona baƙin mai.

Kuɗin hular kwano mai inganci da makullin sarƙa suna cikin kuɗin babur. Wanda bai ware su ba, cinikinsa bai kammala ba.