Mutum ɗaya, suna barkatai

Bara saura kaɗan a hana ni zaman jarabawa saboda harafi biyu. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, ta lakwal ta ce Mamadou. Sai da baba ya yi sati guda yana sintiri ofis-ofis. Shi ya sa da na ci karo da labarin mutanen Sikotlan masu bin asalin kakanninsu, na ji kamar da mu ake.

A can, sai 1855 gwamnati ta fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Kafin nan littattafan coci ne, mafi tsufa na 1553. Magatakardan coci abin da kunnensa ya ji shi yake rubutawa, mai sunan kuma sau da yawa bai iya karatu ba balle ya gyara. In ɗan tsaunukan arewa ne mai jin Gelik, magatakarda kuwa da Ingilishi yake rubutu, to an gamu. Mac, wato ɗan wane, wani ya sa Mc, wani M'. Mac a' Ghobhainn, ɗan maƙeri, ya koma MacGowan. Wasu ma fassara shi aka yi ɗungurungum suka zama Smith.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Menzies, da ake faɗa "Mingis". Da can suna da wani harafi, yog, mai kama da z. Masu buga littafi ba su da shi, sai suka riƙa sa z. Harafin ya mutu, z ta gaje wurin. A MacKenzie har bakin mutane ya bi kuskuren. Mu da ke fama da ƙ da ɗ a salula ai mun san ciwon.

Wani canjin kuwa tsoro ne ya kawo shi. A 1603 Sarki James na 6 ya haramta sunan MacGregor, wanda ya riƙe shi a bakin ransa. Suka fake da Murray, Drummond, Campbell. Shahararren nan Rob Roy da Campbell ya yi amfani, sunan gidan mahaifiyarsa. Sai 1774 aka ɗage dokar kwata-kwata, kuma ba duka suka dawo ba.

Don haka mai bincike can ba ya tsayawa kan harafi. Yakan duba ƙauye, sana'a, sunan matar, da waɗanda suka tsaya shaida. Ni ma abin da ya cece ni ke nan: sunan inna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a takardun biyu.