Harshen Yaƙi a Bakin Likita

Da wuya a buɗe littafin da ke bayanin garkuwar jiki a tarar bai ari harshen soja ba. Ƙwayoyin cuta mahara ne, fararen ƙwayoyin jini dakaru ne, har akwai wani rukuni nasu da masana suka laƙaba wa suna makasa. Masu nazarin adabi na kiran irin wannan adon harshe siffantawa. A waƙa ƙawa ce, amma a likitanci ta fi ƙarfin ƙawa, domin ita ke nuna wa mai bincike inda zai duba, ita kuma ke faɗa wa majinyaci yadda zai ɗauki ciwonsa.

A 1882, a garin Messina na Italiya, masanin halittu ɗan Rasha Élie Metchnikoff ya soka ƙaya a jikin tsutsar wata halittar teku mai siffar tauraro. Washegari ya ga wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar ƙawanya, sai ya fahimci cewa jiki na da masu kare shi. Paul Ehrlich na Jamus, wanda suka raba kyautar Nobel tare a 1908, ya yi ta neman "harsashin tsafi", wato maganin da zai sami ƙwayar cuta ya bar mai ita. Wannan tunani ne ya haifi Salvarsan, maganin tunjere da ya shiga kasuwa a 1910. Saboda haka zalunci ne a ce siffantawar yaƙi ba ta tsinana komai ba.

Matsalar ita ce abin da take rufe wa ido. Macfarlane Burnet na Ostareliya, wanda ya sami Nobel a 1960, ya kafa ra'ayin cewa aikin garkuwa shi ne rarrabe na gida da bare. To, ina za a ajiye ɗan tayi? Rabin gadon halittarsa daga uba yake, ke nan baƙo ne a jikin uwa, amma tana ɗauke da shi wata tara lafiya lau. Ina kuma za a ajiye ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin mutum, yawancinsu a hanji? Wani ƙiyasi na 2016 ya kai yawansu kusan tiriliyan 38, adadin da ya ɗara ƙwayoyin halittar mutumin kansa, ga shi suna taya shi narkar da abinci. Irin waɗannan tambayoyi ne suka sa masaniyar garkuwar jiki Polly Matzinger ta kawo wani ra'ayi a 1994, cewa alamar ɓarna ce ke tayar da garkuwa, baƙunci kaɗai bai isa ba. Shekara guda bayan haka Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana wasu ƙwayoyi da aikinsu shi ne kwantar da 'yan'uwansu don kada su afka wa jikin da ya haife su.

Annobar korona ta fito da wannan gaskiya fili. A ranar 16 ga Maris 2020 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya shaida wa jama'arsa cewa yaƙi ake yi. Amma maganin farko da aka tabbatar yana ceton rai, dexamethasone, lallashin garkuwa yake yi. Gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna a watan Yuni na shekarar cewa ya rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi. Da yawansu wuce gona da iri na garkuwarsu ne ke lalata musu huhu. Wannan na da muhimmanci ga mai karatu da Hausa, wanda masu tallar magani suka cika wa kunne da alƙawarin "ƙara ƙarfin garkuwar jiki", alhali ciwon sukari nau'i na 1 garkuwar ce da kanta ke jawo shi.

Akwai kuma nauyin da harshen ke ɗora wa marar lafiya. Bayan dokar da shugaban Amurka na lokacin, Richard Nixon, ya sa wa hannu a 1971, ƙasar ta shiga abin da aka kira yaƙi da ciwon daji. Marubuciya Susan Sontag, wadda ta yi jinyar sankarar mama, ta wallafa littafin Illness as Metaphor a 1978, tana jayayya cewa irin wannan harshe na sa majinyaci jin kunya da ganin laifin kansa. Tana da hujja: idan jinya gwagwarmaya ce, wanda ya rasu ya zama wanda aka ci da yaƙi, kamar ragwanci ne ya kai shi.

Inda za a saɓa wa Sontag shi ne kiranta na a raba cuta da siffantawa kwata-kwata. Abin da ido ba ya gani dole a kwatanta shi da abin da aka sani, musamman ga manomi ko uwar da ta kawo ɗanta rigakafi. Abin da ya kamata marubuta, malaman asibiti da masu shirye-shiryen lafiya a rediyo su yi shi ne su riƙa faɗin inda kwatancen ya tsaya, su kuma daina cewa mamaci "ya sha kaye" a hannun cuta.