Shaɗaranji da Yanke Hukunci a Halin Shakka: Nazari kan Yadda Gwanaye ke Auna Kasada

Tsakure

Wannan maƙala tana bibiyar abin da wasan shaɗaranji ke koyarwa game da yanke hukunci yayin da yaƙini ya faskara, tana mai dogaro da binciken masana tunanin ɗan Adam da kuma gasa uku na kambun duniya. Abin da ta rinjayar shi ne, ana auna kasada ne da maƙasudin mai wasa da halin abokin karawarsa, ta yadda motsin da ya zama hikima a hannun wani kan iya zama wauta a hannun waninsa.

Gabatarwa

Shaɗaranji, wanda jaridun yau ke kira darar chess, ya tsiro a ƙasar Hindu wajen ƙarni na 6, ya ratsa Farisa ya faɗa hannun Larabawa, har fadar Abbasiyawa ta fitar da gwanaye irin su al-Adli da Abubakar as-Suli, waɗanda suka wallafa littattafai a kansa. Fuƙaha'u sun yi saɓani kan hukuncinsa, amma waɗanda suka sassauta, kamar Imam Shafi'i, sun rarrabe shi da wasan nardu, domin a nardu sa'a ce alƙali, a shaɗaranji kuwa tunani ne. Daga wannan rarrabewa mas'alarmu ta taso: allo ne mai gida 64 da 'ya'ya 32, babu abin da ya ɓuya ga ɗayan 'yan wasa biyu, to ta ina shakka take shigowa?

Mafarin Shakka

A 1913 Ernst Zermelo, masanin lissafi Bajamushe, ya kafa hujjar da ta nuna cewa sakamakon irin wannan wasa a yanke yake tun kafin a taɓa allo, da a ce kowane ɓangare zai yi wasa babu kuskure. Sai dai a 1950 Claude Shannon ya ƙiyasta cewa, tun da kowane hali yana ba mai wasa zaɓi kimanin 30, adadin wasannin da za su iya faruwa ya kai lamba 1 mai sifiri 120 a bayanta, adadin da babu hankali ko na'urar da za ta ƙididdige shi. Ashe ke nan shakkar ta samo asali ne daga gajiyawar mai kallon allo, wanda dole ya yi hukunci da galabar zato, agogo kuma yana cin lokacinsa, kamar yadda mujtahidi ke fitar da fatawa alhali bai kai ga yaƙini ba.

Basirar Gwanaye

Adriaan de Groot, masani ɗan ƙasar Holan, ya buga bincikensa a 1946, bayan ya sa manyan gwanaye da masu matsakaicin ƙarfi su riƙa faɗin tunaninsu a fili yayin da suke zaɓen motsi. Ya tarar gwanayen ba su fi sauran zurfin lissafi da wani abin a-zo-a-gani ba, illa dai idonsu yana faɗawa kan motsi nagari tun da fari, su bar ɓata lokaci kan na banza. William Chase da Herbert Simon suka ƙara a 1973 cewa, idan aka nuna wa gwani allon wasa na haƙiƙa na 'yan daƙiƙoƙi, yakan tuna mafi yawan 'ya'yan, amma idan aka watsa su barkatai, fifikonsa kan ɗan koyo yakan kusan gushewa. Basirarsa, ke nan, taska ce ta siffofin da ya daɗe yana gani, kuma da ita yake taƙaita zaɓi ya tsaya kan abin da ya wadatar.

Gasa Uku

A 1960 Mikhail Tal ya kara da Mikhail Botvinnik, kuma a wasa na shida ya sadaukar da doki a inda masu sharhi suka daɗe suna jayayya kan ingancinsa. Amma da yake ya san ya fi abokinsa saurin lissafi cikin ruɗani, sai ya jefa shi inda kuskure ya fi kusa da shi, ya ci wasan, ya kuma karɓe kambun da maki 12½ da 8½. Bayan shekara guda Botvinnik, wanda ya nazarci abokinsa ya koyi kauce wa irin wannan hargitsi, ya ƙwace kambunsa da 13 da 8.

A birnin Sabiliya na ƙasar Sifen, a 1987, Garry Kasparov ya shiga wasa na 24 yana bayan Anatoly Karpov da maki ɗaya, babu abin da zai tsare masa kambu sai nasara. Duk da haka ya buɗe wasan a natse, ya tsawaita shi, ya bar nauyin fargaba da ƙarancin lokaci su danne abokinsa, har ya ci. A Landan kuwa, a 2018, Magnus Carlsen yana da rinjaye a wasa na 12 da Fabiano Caruana, sai ya nemi a tashi canjaras, manyan gwanaye suka zarge shi da tsoro. Shi kuwa ya san ya fi ƙarfi a wasannin gaggawa da za su raba gardama, kuma ya ci ukun farko a jere.

Kammalawa

Tal ya ruɗa allo, Kasparov ya yi haƙuri, Carlsen ya janye hannu, kuma kowannensu ya dace, saboda ya san abin da yake nema, ya san inda ya fi abokinsa, ya kuma kai faɗan can. Amma wajibi ne a yi ƙiyasi da taka-tsantsan, domin Daniel Kahneman da Gary Klein sun bayyana a 2009 cewa basira tana zama abin dogaro ne inda ƙa'idoji suke tabbatattu kuma mutum yake ganin sakamakon hukuncinsa da wuri. Ɗan kasuwa ko shugaba, wanda ake sauya masa ƙa'ida yana tsakiyar wasa kuma sakamako ke jinkirta masa shekaru, zai amfana da tarbiyyar shaɗaranji wajen auna maƙasudi da abokin hamayya, amma ba shi da hujjar amince wa basirarsa gwargwadon yadda gwanin allo ke amince wa tasa.