Daga Inshora Zuwa Taimakekeniya: Abin da Sunaye Ke Faɗa

Bahaushe ya raba asibiti gida biyu: asibitin gwamnati da asibitin kuɗi. Babu hukumar da ta zauna ta raɗa wannan suna na biyu. Jama'a ne suka raɗa shi a bakin tagar yankar kati, inda ake tambayar abin da ka zo da shi kafin a tambayi abin da ke damunka. Na taɓa tsayawa bayan wata dattijuwa a irin wannan taga, ta kwance bakin zaninta tana ƙirga tsofaffin takardun kuɗi, jikanta na goye jikinsa zau da zazzaɓi. Kuɗin bai cika ba, ta koma gefe ta zauna. Takardun hukuma suna cewa "asibiti mai zaman kansa", amma a ranar na gane sunan da talaka ya sa shi ne mai gaskiya.

Maganin wannan hali shi ne asusun da kowa zai zuba, kowa ya amfana. To, wane suna za a kira shi? Kalmar "inshora" aro ce daga Turanci. Da ita aka kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa (NHIS) a dokar 1999, ya fara aiki a 2005, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. A Arewa kalmar ba ta samu karɓuwa ba, domin malamai da dama suna ganin akwai garari da riba a inshorar 'yan kasuwa. Shi ya sa da jihohi irin su Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa suka tashi kafa nasu hukumomin, sai suka kauce mata, suka gina sunan a kan gudummawa. A Hausa aka ce "taimakekeniya".

Dubi ginin kalmar. 'Yar'uwar yarjejeniya ce da rigegeniya da turereniya, kalmomin da mutum ɗaya ba ya yin su shi kaɗai. Taimako yana da mai bayarwa da mai karɓa. Taimakekeniya kuwa yau kai ne, gobe ni ne. Mai lafiya ya ɗauki nauyin majinyaci, mai hali ya tallafi marar hali, kamar yadda ake yi a gayya da adashi. Inshora ciniki ce tsakaninka da kamfani. Taimakekeniya amana ce tsakaninka da maƙwabcinka.

Akwai kuma kalma ta uku da ya kamata mu sa wa ido: "cefanarwa". Da ita 'yan jarida ke bayyana miƙa kadarar gwamnati ga 'yan kasuwa, kamar yadda aka yi da kamfanonin wutar lantarki a 2013. Asalinta cefane ne, wato tattasai da daddawa da ake saye yau a cinye yau. Idan maganar ta zo kan asibiti, sau da yawa akan sauya mata riga a ce "haɗin gwiwa". Duk wanda ya ji haka, ya tambaya: wa zai yanka farashi, kuma ina makomar wanda ba shi da ko sisi?

Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta shiga tsarin inshorar ga kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni. Amma har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita. Don haka ƙungiyoyin unguwa, na 'yan kasuwa, na ƙwadago da na mata masu fafutuka su riƙe kalmar taimakekeniya da kyau, su bi gwamnati bashin ma'anarta. Muddin dattijuwar nan tana zaune a gefen taga, sunan yana kan allon ofis ne kawai, bai iso unguwa ba.